Lambar da Asiya Ta Bari

Hammadu ne ya kira ni ranar wata Talata da hantsi. Sai da ya gama tambayar lafiyar gida, da ruwa, da gona, da akuyoyin da ya san ba ni da su, sannan ya ce ƙafar Murja ta ɗan yi wani abu.

Na ce, "Wane irin abu?"

"To, Malam, ta ɗan fara wari."

Murja matarsa ce, kuma ƙanwar matata Asiya, wadda ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ciwon suga ne ya kashe Asiya, ko da yake masu zuwa ta'aziyya sun fi son su ce kwana ne ya ƙare, kamar na yi musu. Shi ya kashe mahaifiyarsu tun da farko. Wata bakwai da binne Asiya aka gano shi a jikin Murja. Na ji labari, na aika da gaisuwa, ban je ba. Na gaji da matan gidan nan da jininsu.

Amma ƙafar mai suga idan ta fara wari ba a aika mata gaisuwa. Shekara takwas na yi ina karanta duk takardar da ke zuwa a cikin kwalin magani, har ƙananan rubutun da ba na jin likitocin ma suna dubawa. Na san kwanakin da ke tsakanin wari da wuƙar likita ba su da yawa. Na biya kemis na sayi tsinken gwaji, wanda ake ɗiga wa jini a sa a na'ura, na tayar da tsohuwar motata na bar Gwarzo na nufi Gude.

Tsakiyar damina ce. Dawa ta yi tsayi har ta rufe hanya hagu da dama, ba ka ganin komai sai kore da ɗan tsirin sama. Da na bar kwalta ban gamu da kowa ba, ko kare.

Hammadu yana jirana a ƙofar gida. Dogo ne, marar yawan magana, jikan mutumin da ya sayar da rabin garkensa ya sayi gona, ya mutu yana da-na-sani. Muka sake gaisuwar da muka riga muka yi a waya, daga farko.

Ya ce, "Mace ce, Malam. Tushen kara ya soke ta a gona, yau mako uku, ko uhum ba ta ce ba. Haka uwarsu take. Haka Adda Asiya take."

"Ba ta ce uhum ba don ba ta ji ba ne, Hammadu. Jijiyar ce ta mutu. Me kuka sa mata?"

"Wanda muke fesa wa shanu idan kofato ya ruɓe. Shuɗin nan."

"Yana yi wa shanun aiki?"

"Sosai ma."

"To shi ke nan. Sai mu zauna mu jira ta fara tuƙa."

Bai yi dariya ba, bai kuma ji haushi ba. Shi ya sa hira da shi ba ta da riba.

"Maganinta fa?"

"Ta ajiye tun azumi. Amma gwaji kam ba ta fashi. Kullum bayan sallar asuba sai na ji ƙarar abin. Batir ma sau biyu na sayo mata a Kabo."

"Tsinken fa, a ina kake sayowa?"

Ya dube ni. "Wane tsinke?"

Na bar shi a zaure na shiga. Tsakar gidan a share yake tas, babu kowa, yaran sun tafi gona. Tabarya tana jingine da turmi. Ban kai ga yin sallama ba sai murya ta fito daga ɗaki.

"Shigo mana, Malam. Ka tsaya kamar mai karɓar haraji."

Muryar Asiya ce. Ba wai ta yi kama ba. Ita ce, har da yadda take jan ƙarshen "Malam" idan ta shirya yi mini rashin kunya. Na san 'yan uwa ciki ɗaya kan yi murya ɗaya, kuma na san shekaru kan ƙara kusanta su. Na sani sarai. Duk da haka sai da na dafa bango.

Tana zaune a bakin gado, sanye da koriyar atamfa mai zanen ganye. Ni na sayo atamfar. Da aka raba kayan Asiya, tufafinta Murja suka zo wa, kamar yadda aka saba, ban ma tsaya na duba me aka ƙulla a ciki ba. Ta rame har fuskar ta koma irin ta yayarta ta shekarar ƙarshe. Ƙafar dama tana ƙasa, an lulluɓe ta da tsohon zane.

"Mijin Adda. Ashe kana raye."

"Ina raye, ana ta haƙuri da ni."

"Ka rame."

"Ke kuma kin yi wari."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Tun tana yarinya muke wannan wasan, lokacin da nake zuwa zance wajen yayarta tana ɓoye mini takalmi. Ta nuna kwanon da ke gefenta da haɓa.

"Fura ce. Suga cokali uku. In ka zo da biro ka rubuta."

Idona yana kan daɓe. Wani layin kiyashi ya taso daga bakin ƙofa, siriri, a miƙe kamar an ja shi da zare. Bai nufi kwanon furar ba. Ya wuce shi, ya shige ƙarƙashin zanen da ke kan ƙafarta. Wani layin kuma yana fitowa.

Na durƙusa na ɗaga zanen. Maganin shanu ya rina ƙafar ta zama shuɗiya har idon sawu. Babban yatsa ya yi baƙi, na kusa da shi ya kama hanya. Kiyashin suna shiga ramin da karan ya yi suna fita, ita kuwa tana kallon tsakar kaina tana murmushi.

"Ka yi sanƙo, Malam."

"Kina jin wannan?" Na danna tafin ƙafar da babban yatsana.

"Me?"

Na miƙe. "Ɗauko mayafinki. Yau za mu asibiti."

"Ba inda za ni."

"Idan kika ƙara mako guda, daga gwiwa za su yanke."

"Ba za su samu lokaci ba."

Ta faɗe shi ne kamar mai cewa gobe kasuwa. Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta jawo wani ɗankwali, ta kwance shi a kan cinyarta a hankali. Na'urar gwajin Asiya ce. Ni na saye ta, na san tsagin da ke gefenta da ranar da ta faɗi ta samu tsagin. Murja ta danna maɓalli ba tare da ta huda yatsa ko ta sa komai ba. Na'urar ta yi ƙara sau ɗaya. Ta juyo mini da fuskar na'urar.

Ɗari huɗu da talatin da takwas. Sugan da ya kai haka kisa yake yi.

Na ce, "Wannan ba naki ba ne. In ba a sa tsinke da jini ba, gwajin ƙarshe da aka yi kawai take nunawa. Wata nawa kike kallon..."

Sai na ga ƙananan lambobin da ke ƙasa, na kwanan wata. Na ciro tabarau na sa, ko da yake na riga na karanta. Ranar da Asiya ta rasu ce. Ƙarfe shida da minti arba'in da ɗaya na safe.

Ina tune da safiyar. Ina zaune a ƙofar ɗaki da littafi a hannu, na ji ƙarar na'urar daga ciki, na tambaya ba tare da na ɗaga kai ba. Ta ce ɗari da sittin. Na rubuta a littafin da nake rubuta mata, na ce, kin ga amfanin jin magana. Ta ce ta gani. Da azahar ta ce kanta na ciwo za ta kwanta. Da la'asar na kasa tashin ta. Shekara biyu ina gaya wa duk mai son ji cewa da safe lafiyarta lau, lambarta ɗari da sittin, ga shi a rubuce.

Murja ta ce, "Na san ba nawa ba ne. Ka ɗauka ni jaka ce? Na Adda ne."

Na zauna a kan kujera 'yar tsugunno da ke bayana, don ita ce mafi kusa.

"In kin sani, me kike dannawa kullum?"

"Gaisawa muke yi. In na idar da salla na danna, ta amsa. Nan ta tsaya, ni ma nan zan kai, sai in same ta." Ta ajiye na'urar a kan tabarma tsakaninmu. "Inna ta tafi, Adda ta bi ta. Layi ne, Malam. Kai da ka yi makaranta ka san layi."

"Akwai magani."

"Adda ba ta sha ba? Shekara takwas tana cin ganye kamar akuya, tana haɗiyar ƙwaya a kan minti, mijinta ya haddace littattafan duniya. Ga abin da ta samu." Ta nuna tabarmar. "Ni nawa mijin shanu ya sani. Me kake so in samu?"

"Ba ta bi doka ba. Bayan ta rasu na zazzage ƙwallayen dabino daga rigar matashinta, sun cika gwangwani. Kuma na san duk zuwan da take yi nan, ci take zuwa yi."

"Ci take zuwa yi, ƙwarai. Nan take zama ta ci tuwo kamar mutum, ba mai kallon bakinta."

Gaskiya ta faɗa, kuma ba ni da niyyar ƙawata ta. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, da na yi ritaya sai ajina ya koma mutum ɗaya. Na kulle suga a akwatin littattafai na rataya makullin a wuya. Da ludayi nake auna mata tuwo. Idan baƙi suka zo nakan karanta musu lambobinta na mako, in yaba inda ta yi ƙoƙari, in nuna inda ta faɗi, tana zaune tana kallon tafin hannunta. A lokacin ina kiran wannan kulawa, kuma maƙwabta sun yarda.

Na'urar ta yi ƙara.

Ba wanda ya taɓa ta. Tana kan tabarma, kamu biyu daga ƙafata. Fuskar na'urar ta ɗauke, ta yi duhu.

Murja ta ce, "Ka ji ko? Ta ji muryarka."

"Kashe kanta take yi idan an bar ta minti biyu."

Haka ne, yana rubuce a takardarta. Sai dai a shekara takwas da ta yi a gidana ban taɓa jin ta yi ƙara wajen mutuwa ba. Na bincika ƙwaƙwalwata ina neman rana ɗaya da ta yi, ban samu ba. A waje wata kurciya tana ta kuka, ita ma ta yi shiru.

Na ciro kwalin tsinken daga aljihu, don hannuna ya samu abin yi.

"Kawo yatsanki. Mu ga naki."

Ta ɓoye hannayenta biyu a hammata. "In ka sa wannan, Adda za ta tafi."

"Ba ta gogewa. Baya kawai za ta matsa, sabon ya hau gaba."

"Shi na ce. Ni zan hau gaba ke nan. Yanzu in na danna ita nake gani. In ka sa, kaina zan riƙa gani, ni kaɗai a ciki."

Na buɗe baki. Bayanin yana nan a shirye, sakin layi uku, har da misali. Sai na ji sautin da muryata ke shirin ɗauka, wanda na san shi kamar yadda na san tarina. Na rufe bakin. Na mayar da kwalin aljihu. Muka zauna, ita tana kallon ƙofa, ni ina kallon kiyashi suna aikinsu.

Can na ce, "Ta yaya kika san lambar tata ce tun farko? Ba kya karanta kwanan wata."

Ta dubi na'urar.

"Ita ta gaya mini. Ta kira ni a waya ranar, da sassafe, tana magana ƙasa-ƙasa don kana bakin ƙofa. Ta ce, Murja, ɗari huɗu da talatin da takwas, ban taɓa ganin irinsa ba."

"Me ya hana ta gaya mini?"

"Ta ce za ka ce ta ci wani abu. Kuma ta ci ɗin." Ta gyara ɗaurin atamfar a ƙirjinta. "Ta ce ta san za ka kai ta asibiti, ba ta shakka. Amma duk hanya za ka yi ta yi mata bayani, in kun isa kuma kai za ka amsa wa likita tambayoyin da ya yi mata, ita tana zaune kamar buhu. Ta ce yau ba ta da ƙarfin wannan."

"Ke me kika ce mata?"

Murmushin ya bar fuskarta, sai na ga Murja sosai a karon farko tun shigowata, mace 'yar shekara arba'in da ɗoriya da leɓe busasshe.

"Na ce, kwanta ki huta, Adda, zai sauka. Ki sha ruwa." Ta dube ni. "Lambarka tana cikin wayata, Malam. Na ciro ta, na dube ta, na ce bari in gama daka tukuna. Na gama daka na ɗora tukunya. Da la'asar aka kira Hammadu."

Ashe ba layi ba ne kawai. Hukunci ta yanke wa kanta, take cika shi cokali uku-uku.

Da a ce shekara biyu da suka wuce na ji wannan, na san abin da zan ce mata, kuma da ta mutu tana tuna shi kalma-kalma. Ina da wannan baiwar. Na zauna ina jin maganar tana haɗuwa a bakina, na jira har ta wuce.

Na ce, "Da kin kira ni, da faɗa zan fara. Da na shiga ɗakin da littafi a hannu ina tambayarta me ta ci. Ta san mijinta."

"Da dai ka kai ta."

"Da na kai ta. To mu biyu ke nan, ke da dakanki, ni da birona. Ni ga ni nan da ƙafafuna biyu, ina cin abinci sau uku, ba wanda ya yanke mini komai. Ban ga dalilin da za a yanke miki ba."

Ta dube ni, ta dubi ƙafar, kamar wani ne ya manta ta a ɗakin. Ta sunkuya ta kaɗe kiyashin da gefen hannu. Suka watse, suka sake haɗa layi.

"Tun yaushe suke nan?"

"Tun kafin in shigo."

Ta ɗauke ƙafar da hannu biyu ta ɗora a kan gado.

"In zan je," ta ce, "ba za ka shiga wajen likita ba."

"Na ji."

"Ba za ka tambayi lambata ba. Ko a wajena, ko a wajen nas, ko ka aiki Hammadu ya tambayo maka, don na san ka."

"Na ji."

"A mota kuma ba karatu."

"Wannan ne mai wuya."

"To zauna a gidanka."

"Na ce na ji, Murja."

Na leƙa na kira Hammadu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jin nauyin taɓa matarsa a gabana, sai da na juya na fuskanci bango kamar yaron da aka hukunta sannan ya ɗauke ta. Ta ce a miƙo mata ɗankwalin. Ta naɗe na'urar ta riƙe a cinya.

Daga Gude zuwa Gwarzo ban ce komai ba. Akwai abubuwa aƙalla goma sha biyu da ya kamata ta sani kafin ta ga likita, na jera su a kaina, na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu na dubi madubi. Na farko koriyar atamfa na gani da rabin fuska, na mayar da idona kan hanya da sauri. Na biyu tana barci a kafaɗar mijinta, shi kuma ya sandare yana kallon dawa.

A asibiti na zauna a benci a baranda. Aka daɗe. Wata nas ta fito da takarda tana tambayar wa zai sa hannu, ta nufo ni, don ni ne mai tabarau. Kafin in motsa murya ta fito daga ciki.

"Kawo nan. Ƙafata ce, ni zan dangwala."

Yatsu biyu suka cire, washegari. Hammadu ne ya gaya mini, shi ma don na gan shi yana ƙirga nasa a cikin takalmi. Likita ya ce sauran ƙafar za a gani, ya danganta da yadda za ta riƙe kanta. Ban tambayi ma'anar za a gani ba. Na san ma'anarta.

Ranar Juma'a da hantsi na je duba ta a ɗakin mata. An naɗe ƙafar da farin bandeji, an ɗora a kan matashi. Ta ce abincinsu ba gishiri ba mai, kamar ni na dafa. Na ce da ni na dafa da ba ta samu ko rabinsa ba. Matar gadon kusa ta tambaya ko ni ne maigidan. Murja ta ce Allah Ya kiyaye, yayarta ce ta yi wannan jarumtar.

Muna cikin haka nas ta shigo da tire, da auduga, da na'urar asibiti. Ta tsaya a gefen gadon ta ce a kawo yatsa. Murja ba ta miƙa ba. Ta juyo ta dube ni.

Na tashi na ɗauki hulata na fita baranda. Tagar a buɗe take. Na ji an yage leda, na ji shiru, na ji ƙarar na'urar sau ɗaya. Nas ta faɗi wani abu da sauri wanda ban kama ba.

Murja ta ce, "Sake faɗa mini. A hankali, 'yar nan, ina so in riƙe."

Na sauka daga barandar na bi ta cikin ciyawa mai raɓa, na yi ta tafiya har bakin katanga, inda ba na jin komai sai injin niƙa a ƙetaren titi.